Yadda Ake Kafa Jenkins Ya Riƙa Gwada Manhaja Yana Tura Ta Da Kansa

Aikin Jenkins shi ne sa ido a kan ma'ajiyarka ta Git, wato inda kake ajiye rubutun manhajarka da tarihin gyare-gyarensa. Da zarar wani ya tura sabon gyara, sai ya ɗauko, ya haɗa manhajar, ya gwada ta, in babu matsala ya kai ta sabar da jama'a ke amfani da ita. Asalinsa Hudson ne, wanda Kohsuke Kawaguchi ya fara a kamfanin Sun Microsystems, aka koma kiransa Jenkins a 2011 bayan saɓani da Oracle. Fuskarsa ta tsufa, ba ƙarya, amma aiki yana yi.

Girkawa ba ta da wuya. A kan sabar Ubuntu ko Debian ka fara sa Java 21, domin da Java aka rubuta shi, sannan ka ƙara ma'ajiyar Jenkins ta nau'in LTS, wato wanda ake daɗewa ana kula da shi, ka girka da apt, kayan girka manhaja na Ubuntu da Debian. Buɗe burauza ka shiga adireshin sabar ta ƙofa 8080. Zai nemi kalmar sirri ta farko, tana cikin /var/lib/jenkins/secrets/initialAdminPassword. Karɓi kayan ƙarin da ya ba da shawara, ka buɗe asusunka. Kada ka bar ƙofa 8080 a buɗe ga duniya. Sa Nginx, manhajar sabar yanar gizo, a gabansa da HTTPS, hanyar haɗi mai ɓoye bayanai.

Daga nan ne mutane ke yin sakaci. Abu na farko da nake yi shi ne mayar da adadin ayyukan da babbar sabar, wato wadda ka girka Jenkins a kanta, ke gudanarwa zuwa sifili. Dalili kuwa, duk aikin da ya gudana a kanta yana iya karanta foldar Jenkins baki ɗaya, har da mabuɗan da ke ɓoye kalmomin sirrinka. Ka tanadi wata kwamfuta daban, ko kwantenar Docker (keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja), ta zama ma'aikaciya, ka haɗa su ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa cikin tsaro. Babbar sabar rabon aiki kawai za ta yi, kamar sarkin tasha da ba ya tuƙi.

Matakan aikin kuma kada ka danna su a shafin Jenkins. Rubuta su a fayil mai suna Jenkinsfile, ka ajiye shi tare da manhajar a Git, don duk wanda ya taɓa shi a gani. Matakai uku sun isa a farko: haɗawa, gwaji, turawa. Kafin turawa ina sa umarnin input, wanda ke tsayar da aikin sai mutum ya amince. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, ni dai sai gwaje-gwajen sun yi ƙarfi nake cire shi. Kalmar sirri ko mabuɗin SSH kuwa ba a rubuta su a fayil ɗin. A sashen Credentials ake ajiyewa, a kira su da withCredentials.

Don aiki ya tashi da kansa, je saitin ma'ajiyarka a GitHub, shafin da ke ajiye ma'ajiyoyin Git, ka ƙara adireshin sanarwa, wato adireshin Jenkins ɗinka da ya ƙare da /github-webhook/. Wannan sandar (/) ta ƙarshe kada ka manta da ita.

A Jenkinsfile ɗin, sa umarnin buildDiscarder ya riƙa goge tsofaffin sakamako, in ba haka ba faifan sabar zai cika. Sannan ka riƙa kwafe /var/lib/jenkins zuwa wani wuri, foldar secrets kuma ka adana ta daban, domin in ta ɓata babu yadda za a buɗe kalmomin sirrin da ka ajiye.