Yadda Ake Kula da Batirin Babur Mai Lantarki Don Kada Ya Tsufa da Wuri

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu sana'ar acaba da masu zuwa aiki a kan babur suka fara karkata ga babur mai lantarki, kuma tambayar da kowa ke fara yi ita ce kilomita nawa zai yi da caji ɗaya. Tambayar da ta fi wannan muhimmanci, a ganina, ita ce kilomita nawa zai yi bayan shekara biyu, domin batir ne kayan da ya fi tsada a jikin babur, kuma yadda mai shi ya riƙe shi ne ke yanke tsawon rayuwarsa.

Da farko ka san abin da batirinka ke ɗauka. A jikinsa za ka ga an rubuta wani abu kamar 72V 40Ah; idan ka ninka 72 sau 40 za ka samu 2,880, wato yawan wutar da yake adanawa a ma'aunin wat-awa. Idan babur yana cin wat-awa 35 a kowace kilomita, zai yi kimanin kilomita 82, amma idan goyo da gudu suka kai cinsa 45, kilomita 64 kacal za ka samu. Wannan ne dalilin da ya sa adadin da dillali ya faɗa maka ba ya cika daidaita da abin da kake gani, tunda akan auna shi ne da mutum ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta cikin matsakaicin gudu.

Saboda haka a makon farko ka yi naka awon. Ka cika batir, ka bi hanya guda da ka saba bi, da nauyi iri ɗaya da gudu iri ɗaya, ka rubuta a ɗan littafi kilomitar da ka yi kafin ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100, sannan ka maimaita duk bayan wata uku. Wannan ɗan littafin ne zai raba maka raguwar rana ɗaya da ainihin tsufa. Taya mai ƙarancin iska, birki mai kamawa, yashi, fizgar totur da gudu mai yawa duk suna rage nisa a ranar, kuma da zarar an gyara su nisan yana dawowa. Tsufa kuwa ba ya komawa baya, kuma a al'adar masu ƙera batir, idan ya koma yana ɗaukar kashi 70 zuwa 80 na abin da yake ɗauka yana sabo, ana ɗaukar cewa ya gama ganiyarsa.

Babban abokin gabar batirin litiyam shi ne zafi, kuma a nan ne namu yanayin ya sa dole mu fi mutanen Turai taka-tsantsan. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a inuwa, alhali yawancin waɗannan batura ba a so a yi musu caji idan zafinsu ya haura digiri 45. Batirin da ya yini yana aiki ya riga ya ɗauki nasa zafin daga ciki, to idan aka jona shi nan take, a tsakar gida ko a ƙarƙashin rufin kwano, an haɗa masa zafi uku ke nan. Ka bar shi ya huce na kimanin rabin awa zuwa awa guda, ka yi caji a inuwa inda iska ke ratsawa, kuma idan hali ya yi ka bari sai dare ko asuba. Ko ajiye babur a rana na tsawon sa'o'i, musamman batir yana cike, yana cin lafiyarsa ba tare da ka gani ba.

Game da caji, ka tambayi irin batirin da aka sayar maka. Batirin litiyam iri-iri ne, ciki har da NMC da LFP. Nau'in NMC ya fi jin daɗin zama tsakanin kashi 20 da 80, sai ranar doguwar tafiya a cika shi. Nau'in LFP ya fi jure zafi, yana kuma kai zagayen caji (wato cikawa da ƙarewa) dubu biyu ko fiye, amma yana bukatar a cika shi har 100 lokaci-lokaci, domin na'urar BMS, wato mai kula da batir da ke cikinsa, ta daidaita ƙwayoyinsa kuma allon ya daina nuna adadin da ba daidai ba. Batirin dalma da asid, wanda har yanzu ake samu a babura masu araha, akasin haka yake: barinsa babu caji ne ke kashe shi, don haka a cika shi bayan kowane aiki. Yin caji kaɗan-kaɗan ba ya cutar da litiyam, domin rabi sau biyu zagaye ɗaya ake ƙirga shi. Abin da ke cutarwa shi ne tuƙa babur har ya mutu a hanya.

Kada ka yi amfani da cajar da ba tasa ba ko da bakinta ya shiga, kuma idan wutarku mai hawa da sauka ce, ko ƙaramin janareta kake amfani da shi, ka sa stabilaiza a tsakani. Idan za ka ajiye babur na makonni, ka bar batirin litiyam a wajen rabi, na dalma kuwa a cike, a ɗaki mai sanyi, kana duba shi wata-wata.

Idan batir ya kumbura, ko yana wari, ko yana zafin da hannu ba ya iya jurewa yayin caji, ka cire shi daga wuta, ka fitar da shi daga ɗakin kwana zuwa fili nesa da abin da zai iya kamawa, ka kai wa wanda ya san aikin litiyam. Haka nan idan ruwan damina ya shanye shi, kada ka jona shi sai an buɗe an duba.