Yadda ake gane ɗanɗanon jan ruwan inabi mai haɗi da abincin da zai tafi da shi

Da farko dai ka juya kwalbar ka karanta bayanta kafin ka buɗe. Jan ruwan inabi mai haɗi ba daga irin inabi ɗaya ake yinsa ba, ana gauraya iri biyu ko uku ne ko sama da haka, kuma wanda yafi yawa a ciki shi ke jan ragamar ɗanɗanon. In na yankin Bordeaux ne a Faransa, yawanci Cabernet Sauvignon da Merlot zaka tarar, wani lokacin da ɗan Cabernet Franc. A cikin yankin Bordeaux ɗin, na Médoc Cabernet ne ke gaba, na Pomerol da Saint-Émilion kuma Merlot ne. In kuma na kudancin yankin Rhône ne, shima a Faransa, toh Grenache da Syrah da Mourvèdre kenan.

Sai maganar sanyi. Kar ka zuba shi da ɗumi, wajen digiri 16 zuwa 18 yake so, in ɗakin da zafi ka saka shi a firij kamar minti 20. Da ɗumi barasar ce kawai zata riƙa dukan hanci, ƙamshin ya ɓace. Ka zuba kashi ɗaya cikin uku na kofin gilashin, ka ɗan juya shi iska ta shiga, sannan ka shinshina. Syrah yana tashi da ƙamshin masoro, Cabernet wani sa'in kamar ɗanyen tattasai, in kuma kaji kamar banila toh gangar katakon da ya kwanta a ciki ce ta bashi.

Yanzu ka kurɓa kaɗan, kar ka haɗiye da wuri, ka barshi ya zagaya baki. Abu biyu nake so ka lura da su, tsami da bauri. Tsami shine yake sa yawu ya taru a gefen harshe. Bauri kuwa shine wannan bushewar da kake ji a dasashi harshe ya yi kaushi, irin na baƙin shayi da aka manta ganyen a ruwa ya daɗe, kuma daga ɓawon inabin da ƙwallonsa yake fitowa har da ita gangar. Gaskiya a wajena duk maganar abinci akan baurin nan ta tsaya, in ka gane shi ka gama rabin aikin. Ɗaya daga cikin dalilan gauraya irin inabin ma kenan, Cabernet shi kaɗai baurinsa na da yawa sai a sako Merlot ya tausasa shi.

Toh abincin fa? In baurin yayi ƙarfi ka nemo nama mai kitse, gasasshen naman sa ko na rago da gishirinsa daidai. Ka gwada da kanka, kurɓa ɗaya kafin ka ci komai, sai ka tauna yanka ɗaya mai ɗan kitse a gefe ka sake kurɓa, zaka ji kaushin nan ya kwanta ɗanɗanon 'ya'yan itacen ya fito fili kamar an canza maka kwalba. Cuku mai tauri wanda ya daɗe shima haka yake yi. In Merlot ne ko Grenache a gaba ba sai ka nemi abu mai nauyi ba, gasasshiyar kaza ko agwagwa ko naman da aka dafa a hankali har ya yi laushi sun isa. Abinci mai tumatir da yawa kamar taliya da miyarta, ruwan inabi mai tsami yake so, irin Chianti na Italiya wanda Sangiovese ne yafi yawa a cikinsa.

Abin da zan roƙe ka ka kiyaye shine barkono mai yawa, domin yaji da barasa suna haɗuwa su ƙona maƙogwaro musamman in ta kai kashi 14 ko 15 cikin ɗari. Kifi kuma in ka haɗa shi da ruwan inabi mai bauri sai kaji baki kamar ka lashi ƙarfe. Kayan zaƙi ma ka bari sai an kwashe kofunan, in ba haka ba ruwan zai koma ɗaci da tsami a bakinka.

In ka buɗe kaji ya yi tsauri da yawa kar ka yanke masa hukunci nan take, ka juye shi a wani mazubin gilashi mai faɗin gindi ka barshi rabin awa zuwa awa ɗaya yayin da naman ke kan wuta, sai ka sake ɗanɗanawa.