Yadda Ake Auna Karɓuwar Kundin Waƙoƙin Mawaƙa Biyu a Kano

Wanda ya ƙuduri niyyar rubuta sharhi a kan kundin waƙoƙin da mawaƙa biyu suka haɗu suka naɗa a sitidiyo yana da aiki biyu a gabansa: ya faɗi abin da ke cikin kundin, sannan ya faɗi yadda jama'a suka karɓe shi. Na biyun ne ya fi wahala, musamman ga mazaunin Kano, domin hanyar da waƙa take bi ta shiga kunnen mutanen garin nan ba ita ce wadda alƙaluman intanet suke ƙirgawa ba. Zan kafa misali da P-Square, wato tagwayen nan Peter da Paul Okoye waɗanda aka haifa a Jos a 1981, kuma suka fitar da kundi shida tsakanin 2003 da 2014. Na ƙarshensu, Double Trouble, ya fito a watan Satumba na 2014, kuma shi ne zai fi yi mana amfani a nan.

Ka fara da sauraron kundin gaba ɗaya, daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, a jerin da masu shi suka tsara, ba tare da tsallake wadda ba ta burge ka ba. Ka maimaita aƙalla sau uku a ranaku mabambanta, kana riƙe da biro da takarda, kana rubuta waƙar da ta kama ka tun farko da wadda sai daga baya ta shige ka. Yawancin waƙoƙin waɗannan tagwaye da Turancin buroka ne wanda ake sirkawa da harshen Ibo, saboda haka idan ba ka jin Ibo, ka nemi wani abokin hulɗa a Sabon Gari ya warware maka baitocin. Kada ka yanke wa waƙa hukunci alhali kiɗanta kawai ka ji.

Daga nan sai ka koma kan abin da ya bambanta kundin mutum biyu da na mutum ɗaya. A kowace waƙa ka tantance wanda ya ɗauki baiti da wanda ya riƙe amshi, ka kuma lura ko muryoyin suna taimakon juna ne ko kuwa ɗaya ta danne ɗaya. Muryoyin tagwaye sukan yi kama, don haka bidiyon waƙar zai taimaka maka wajen rarrabewa. Sai dai ka yi hattara da cewa wane ne ya rubuta waƙa kaza idan ba ka gan shi rubuce a jikin faifan ba. Waɗannan 'yan'uwa sun rabu a 2017, sun shirya a 2021, sun sake ɓatawa a 2024, kuma batun wanda ya rubuta waƙoƙin yana cikin abin da suka yi ta musayar yawu a kai a bainar jama'a. Mai sharhi ba alƙalin rigimar gida ba ne. Baƙin da aka gayyato su ma suna da abin da suke nunawa, domin a wannan kundi akwai T.I. daga Amurka, da Awilo Longomba ɗan Kwango, da Don Jazzy na gida, kuma kowanne daga cikinsu ƙofar wata kasuwa ce ake son buɗewa da shi.

Akwai wani tarko da sababbin masu sharhi suke yawan faɗawa. Waƙar da tagwayen suka yi don tunawa da Michael Jackson ta fito tun 2013, ta gama zaga gari kafin kundin ya iso, don haka farin jininta ba shaida ba ne cewa kundin ya karɓu. Ka ware waƙoƙin da suka riga kundi fita a gefe guda, ka duba ko cikin sababbin akwai wadda ta tsaya da ƙafarta.

Abin da masu sharhi na jaridu da shafukan Legas suka rubuta yana da sauƙin samu, kuma ya kamata ka karanta, amma ka duba kwanan watan kowane rubutu, domin abin da aka faɗa a makon da kundi ya fito yakan sha bamban da abin da ake faɗa bayan shekara biyar. An daɗe ana zargin P-Square da maimaita salo ɗaya da aron kiɗan waje, duk da haka filayen wasansu suna cika a ƙasashen Afirka da dama. Ka rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya dace da ra'ayinka. Lambobin yabo ma haka: sun lashe babbar kyautar Kora ta mawaƙan Afirka a Wagadugu a 2010, tashar kiɗa ta MTV kuma ta ba su lambar mawaƙan shekaru goma a Durban a 2015, amma waɗannan an ba ƙungiyar ne, ba wani kundi ɗaya ba.

Alƙaluman ciniki kuwa ka taɓa su da sanda mai tsawo. A zamanin faifan CD, dillalan kasuwar Alaba ta Legas sukan sayi haƙƙin rarraba kundi da kuɗi dunƙule, masu satar fasaha kuma su buga nasu, saboda haka duk miliyoyin da za ka ji ana ambata ikirari ne na mai kaya, kuma haka za ka rubuta shi. Dandalin sauraron waƙa na Spotify bai fara aiki a Nijeriya ba sai 2021, jadawalin TurnTable mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a ƙasar kuma a 2020 ya fara, wato duk bayan fitar kundin da shekaru. Adadin da ka gani a YouTube ko Audiomack ko Boomplay yau ya haɗa da masu komawa ga waƙar tsawon shekaru, ba waɗanda suka tarbe ta lokacin da ta fito kaɗai ba.

Yanzu sai ka ajiye waya ka fita gari, domin a nan ne sharhin Bakano zai fi na ɗan Legas daraja. A Kano waƙa ta fi yawo ta katin memori da tura wa juna daga waya zuwa waya, kuma babu na'urar da take ƙirga wannan. Ka je kasuwar waya ta Farm Centre wurin masu tura waƙoƙi, ka zaɓi waɗanda suka daɗe a sana'ar, ka gaisa da su yadda ya kamata, ka kuma guji lokacin da ciniki ya kankama. Kada ka tambaye su ko kundin ya yi kyau, domin kowa zai ce maka ya yi. Ka tambayi wace waƙa ce mutane suke zuwa su ambaci sunanta da bakinsu, wace ce kuma sai dai a cusa musu ita cikin tarin da aka zuba a kati. Sau da yawa za ka tarar mai saye ya san waƙa biyu ko uku amma bai taɓa jin sunan kundin ba, kuma wannan kansa sakamako ne da ya cancanci shiga rubutunka. Masu sa kiɗa a wuraren biki su ne na biyu: su faɗa maka waƙar da take tayar da mutane daga kujera, da kuma irin taron, domin a kamu ko wunin cikin gari waƙoƙin Hausa ne suke da fili, alhali a dina ko bikin kammala karatun ɗaliban Jami'ar Bayero lamarin yakan sauya. Masu gabatar da shirye-shiryen kiɗa a tashoshi irin su Cool FM da Wazobia za su iya tuna waƙar da masu sauraro suka fi nema. Ni nakan kuma kasa kunne a cikin Adaidaita Sahu, ko da yake direba ɗaya ba ya wakiltar gari.

Kada ka haɗa Kano ka yi mata kuɗin goro. Abin da ya karɓu a Sabon Gari ba lallai ne ya ƙetara zuwa cikin ganuwa ba, kuma akwai gidajen da ba a sa irin wannan kiɗa ko kaɗan saboda dalilin addini da tarbiyya. Idan ka zo rubutu, ka ambaci unguwar da ka je, da adadin mutanen da ka yi magana da su, da watan da ka yi zagayen, ka ce masu tura waƙa huɗu ne suka faɗa maka kaza maimakon ka ce duk Kano ta ɗauka. Ra'ayinka game da kiɗa da muryoyi ka sa shi a sakin layi na daban, ka nuna a fili cewa naka ne, kuma kafin ka ambaci sunan kowa daga cikin waɗanda ka tambaya, ka koma ka nemi izininsa.