Yadda Ake Kula da Saniya Mai Ciwon Hantsa da Ya Ƙi Jin Magani

Ciwon hantsa da ke tafiya yana dawowa galibi aikin ƙwayar cutar Staphylococcus aureus ne, wadda takan shige can cikin naman hantsa ta yi ƙananan marurai, tsoka mai tauri ta kewaye su, har magani ya kasa kai mata. Saboda haka makiyayin Damagaram da ke da shanu irin Azawak ko Bororo ya kamata ya fara da gane saniyar da ke ɗauke da ciwon kafin ya nemi allura.

A kowace tatsa, a zuba tsirtowar farko ta kowane kan nono a baƙin murfi a duba. Idan an ga gudaji, ko madarar ta tsinke kamar ruwa, sai a shafa hantsar bayan an tatse ta, domin ɓangaren da ya daɗe da ciwo yakan yi tauri, wani lokaci ya motse. Irin wannan saniya ita ake tatsa a ƙarshe, da ƙwaryarta daban, kuma a wanke hannu da sabulu, don ta hannun mai tatsa da tsumman goge nono ƙwayar take bin garke. Bayan tatsa a zuba wa shanu dusa ko harawa su yi kamar minti 30 a tsaye, don kada su kwanta kafin ƙofar nonon ta rufe.

Wajen magani ne aka fi yin ɓarna. Sayen oksitetrasiklin ko fenisilin a tebur ɗin kasuwa, a yi allura ɗaya a daina da zarar kumburi ya sauka, yana kashe raunanan ƙwayoyi ne kawai, masu juriyar su hayayyafa, kuma da yawansu dama suna fitar da sinadarin da ke lalata fenisilin. Abin da ya dace shi ne likitan dabbobi ya ɗebi madarar a kai LABOCEL, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na Nijar, a gano maganin da zai ci, sannan a cika kwanakinsa. An fi samun nasara idan an yi maganin lokacin da saniya ta ƙafe, wajen kwana 60 kafin haihuwa.

Madarar saniyar da ke kan magani ba a sha, ba a sayarwa, har wa'adin da ke jikin kwalba ya cika. Mata masu nono sun san ba ta ma yin barci da kyau. Tsohuwar saniyar da ciwon ya dawo mata sau uku kuwa, a ganina fitar da ita daga garke ya fi sauƙi a kan a bari ta harbi karsanai, amma a kai ta mahauta bayan wa'adin magani, kada a sayar wa wani makiyayi.