Yadda Ake Kafa Iyakar Kwanan Wata Mafi Tsufa a Rajistar Kwamfuta

Duk wanda aka ɗora wa nauyin rajistar mambobin ƙungiyar 'yan kasuwa a Mile 12, ko ta ɗaliban wata Islamiyya a Agege, duk a Legas, zai tarar cewa gurbin kwanan wata ne ya fi kowane gurbi tara kurakurai. Maganin yana cikin sanya wa gurbin iyakar da ba zai karɓi abin da ya gabace ta ba, sai dai iyakar da manhaja ta zo da ita daban take da wadda aikinka yake bukata.

Mataki na farko shi ne ka san inda lissafin manhajarka ya soma. Excel yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1900, wadda ya ba wa lamba 1, kuma duk abin da ya gabaci wannan rana rubutu ne kawai a wurinsa, ba ya jera shi bisa tsufa, ba ya fitar da shekaru daga gare shi. Har ma yana amincewa da 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba ta taɓa wanzuwa ba, domin ya gaji wannan kuskure daga tsohuwar manhajar lissafi Lotus 1-2-3 kuma aka bar shi da gangan don tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A SQL Server, wata manhajar rumbun bayanai, nau'in gurbin kwanan wata mai suna datetime yana farawa daga 1 ga Janairu 1753, saboda Ingila da ƙasashen da take mulka sun koma kalandar Giregori, wato ta Miladiyya da ake amfani da ita yanzu, a Satumba 1752, inda aka tsallake kwana 11, masu ƙirar kuwa suka guje wa wannan ruɗani. A MySQL, wata manhajar rumbun bayanai ita ma, nau'in DATE yana komawa har shekarar 1000, amma TIMESTAMP bai san komai ba kafin 1970, don haka bai dace da ranar haihuwa ba ko kaɗan, tunda dattawan kasuwa da yawa sun girme shi.

Bayan haka sai ka tambayi kanka abin da gurbin yake ɗauka, domin a nan ne ainihin aikin yake. Iyakar 1900 ba ta tsare komai a rajistar yara: magatakarda zai buga 1915 a maimakon 2015, kwamfuta ta karɓa ba musu, sai ranar raba ajujuwa a ga yaro ɗan firamare ya haura shekara ɗari. Ranar biyan kuɗin ƙungiya ba za ta gabaci ranar da aka kafa ƙungiyar ba, ranar shigowar motar albasa ba za ta gabaci buɗe littafin bana ba, ranar haihuwar mamba kuwa a ba ta sarari, kamar shekara 110 baya. A ganina gara iyaka ta ɗan yi faɗi da ta yi matsi, domin idan gurbi ya ƙi gaskiya, ma'aikaci zai ƙirƙiro ƙaryar da za ta shiga don layi ya tafi. Mai adana tsofaffin takardun filaye na tsibirin Legas, waɗanda wasunsu suka fito daga ƙarni na 19, shi kam Excel bai ishe shi ba, sai ya raba shekara da wata da rana gurbi uku, ko ya koma nau'in datetime2 na SQL Server wanda yake farawa daga shekara ta 1.

Kafa iyakar kanta ba wuya. A Excel ka zaɓi layin gurbin daga sama har ƙasa, ka shiga Data, ka danna Data Validation, ka zaɓi Date, sannan ka sa ranar farko da ta ƙarshe. A fom na intanet kuwa, mai gina shafin zai sa umarnin "min", wato iyakar ƙasa, a gurbin kwanan wata, amma a roƙe shi ya maimaita binciken a rumbun bayanai, domin ana iya kewaye na fuskar shafi. Kada ka manta da saƙon gargaɗi; ka rubuta shi da harshen da magatakarda yake ji, misali: "Malam, duba shekarar, ta gabaci kafa makarantar."

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, iyaye kan ba da ranar haihuwa da lissafin Hijira, kuma shekara kamar 1440 tana ƙasa da iyakar Excel, saboda haka a ware mata gurbinta dabam. Na biyu, dattijon da zai ce maka an haife shi shekara biyu kafin samun 'yancin kai a 1960, amma bai san wata ko rana ba. Kada a cusa masa 1 ga Janairu a yi shiru. A buɗe gurbin shekara kaɗai tare da alamar cewa kintace ce. A kuma tilasta rubuta shekara da lamba huɗu, domin wanda ya buga 28 yana nufin 1928 zai tarar kwamfuta ta mayar da ita 2028.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji da tsabtace tsohon littafi, tunda Data Validation ba ya taɓa abin da aka riga aka shigar, kuma abin da aka kwafo daga wani wuri aka manna yana iya tsallake shi. Ka gwada ranar iyakar kanta, da ranar da ta gabace ta, da gurbin da aka bari babu komai. Daga nan ka jera tsofaffin bayanai daga mafi tsufa, ka duba na sama. Idan ka ga mutane da yawa da aka ce an haife su a 1 ga Janairu 1900 ko 1 ga Janairu 1970, galibi gurbi ne aka bari a buɗe manhaja ta cike shi da mafarin lissafinta, sai ka fitar da sunayensu ka miƙa wa sakatare a sake tambayarsu a taro na gaba.