Yadda Ake Tantance Tabulet Kafin a Saya: A Fara da Manhaja, Sannan Kasuwar da Aka Ƙera Ta Dominta

Za ka iya ajiye tabulet biyu a kan tebur, kamfani ɗaya ya ƙera su, sikirin iri ɗaya, furosesa iri ɗaya, amma ɗaya ta buɗe manhajar banki ɗayar ta ƙi, ɗaya ta kama 4G ɗayar ta tsaya a 3G. Ba lalacewa ta yi ba. An shirya ta ne domin wata kasuwa daban, da wata manhaja daban. Shi ya sa mai sayen tabulet da ya fara da tambayar girman RAM (wurin da na'ura ke riƙe manhajojin da ke aiki a lokacin) da yawan kyamara ya fara daga wutsiya.

Wannan darasi an biya kuɗinsa tun farkon kasuwar. Apple ya fito da iPad a watan Afrilun 2010, kamfanoni suka yi ca a kan fagen. A 2011 HP ya kawo TouchPad mai manhajar webOS, ya janye ta daga kasuwa kafin ta cika wata biyu. BlackBerry PlayBook ta fito a shekarar, ba ta je ko'ina ba. Microsoft ya kawo Surface RT a 2012, mai Windows ɗin da ba ta ɗaukar tsofaffin manhajojin kwamfuta, a 2013 ya rubuta asarar kusan dala miliyan 900 a kanta. Ba ƙarfe ko gilashi ne ya kashe su ba. Masu rubuta manhajoji ne ba su bi su ba, waɗanda suka saya kuma suka tashi da allo mai kyau da babu abin yi da shi.

Wa ke cin riba daga ina

Kafin ka duba kowace na'ura, ka san inda mai ƙera ta yake samun kuɗinsa, domin nan ne za ka gane ko zai tuna da kai bayan shekara biyu. Apple yana cin riba a kan na'urar, yana kuma yankar kaso daga cinikin App Store, kashi 30 cikin ɗari, ko 15 ga ƙananan masu manhaja. Muddin kana riƙe da iPad kana kawo masa kuɗi, don haka yana sabunta iPadOS shekaru da dama. Amazon, tun Kindle Fire ta 2011, yana sayar da tabulet da araha ne don ka sayi littattafai da bidiyo da kaya a shagonsa. Manhajarsa Fire OS daga Android aka tsago ta, amma babu Play Store a ciki, kuma yawancin abubuwan da aka gina ta dominsu an tsara su ne da Amurka da Turai a zuciya.

Samsung da Lenovo da Xiaomi da Honor suna ɗora nasu kwalliyar a kan Android, suna karɓar lasisin manhajojin Google. Huawei ya kasance a wannan sahu har watan Mayun 2019, lokacin da gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin kamfanonin da aka taƙaita hulɗa da su. Daga nan sababbin na'urorinsa ba sa zuwa da manhajojin Google, sai shagon manhajojinsa AppGallery da manhajarsa HarmonyOS, kuma HarmonyOS NEXT da ya fito da ita a China a 2024 ba ta gudanar da manhajojin Android kai tsaye. A can ƙasa kuma akwai tarin ƙananan masana'antu, galibi a Shenzhen, masu haɗa tabulet da cif ɗin Allwinner ko Rockchip ko Unisoc, su buga kowane suna mai odar ya so. Waɗannan sau ɗaya suke cin riba, ranar da kaya suka bar masana'anta.

Cinikin tabulet a duniya ya kai ƙololuwa wajen 2014, daga nan ya ja baya, saboda wayoyi sun ƙara girma kuma mutane ba sa canza tabulet da wuri. Sai kamfanoni suka juya ga Indiya da Indonesiya da Brazil da ƙasashen Afirka, inda farashi ne ke raba gardama. Gasar farashi tana tilasta a yanke wani abu, kuma ana yanke abin da ba a rubutawa a jikin kwali. Aakash ta Indiya misali ce tun 2011: an yi ta domin ɗalibai a kan kimanin dala 35 da tallafin gwamnati, da RAM megabayit 256 da sikirin da sai an danna da ƙarfi, ƙorafi ya yi yawa har sai da aka sake fasalinta. Araha ba ta ado.

Rubuta manhajojinka tukuna

Ɗauki takarda ka rubuta manhajoji biyar zuwa goma da dole sai sun yi aiki: ta banki, ta makaranta, ta taron bidiyo, ta taswira, ta aikin ofis. Ga kowacce ka duba ko tana shagon manhajojin na'urar da kake so, da mafi ƙarancin sigar Android ko iPadOS da take buƙata. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, a na'urar da ba ta da hidimomin Google ana iya sauke fayil ɗin manhaja daga waje a girka, ta kuma buɗe. Sai dai manhajoji da yawa a kan hidimomin Google suke jingina wajen aiko sanarwa, nuna taswira, shiga da asusu da biyan kuɗi. Za ta buɗe, amma saƙo ba zai shigo ba sai ka leƙa da kanka, ko taswirar ta fito fari fat.

A tabulet ɗin Android, buɗe Play Store, shiga saitin, sannan sashen bayani game da manhajar. A ƙasa akwai layin shaidar Play Protect. Idan ya ce an tantance na'urar, to Google ya san da ita. Idan ya ce ba a tantance ba, ko da Play Store yana ciki, wani ne ya cusa shi ta bayan fage, kuma manhajojin banki na iya ƙin aiki yau ko gobe. Akwai haɗari mafi muni: a 2023 masu binciken tsaro sun bankaɗo wata muguwar manhaja da aka sa wa suna BadBox, wadda ake dasawa a cikin na'urorin Android masu araha marasa shaida tun kafin su isa hannun mai saye. Goge na'ura a mayar da ita kamar sabuwa ba ya cire irin wannan, domin a cikin gindin manhajar take.

Ta wace kasuwa ce

A nan aka fi yin cinikin biri a sama. Play Store ba ya aiki a babban yankin China, don haka kamfanonin can suna fitar da na'ura ɗaya a siga biyu, ta cikin gida da ta duniya. Ta cikin gida ta fi araha, sai 'yan kasuwa su saye ta, su buɗe makullin manhajarta, su ɗora wata manhaja mai harsuna da yawa da Play Store, su sayar a matsayin ta duniya. Alamominta ba sa ɓuya ga mai lura. Kwalin da rubutun Sinanci an liƙa masa sitika, cajar mai ƙafa irin ta China ce an haɗo da adafta, wani lokaci idan aka kunna sai gargaɗi ko hoton buɗaɗɗen kwaɗo ya fito kafin tambarin kamfani. Ka kwafi lambar samfurin daga saitin, ba daga kwali ba, ka nemo ta a shafin kamfanin. Sau da yawa harafi ɗaya ko biyu a ƙarshen lambar ne ke nuna yankin da aka yi ta dominsa. Irin wannan na'ura ba ta karɓar sabuntawa daga kamfani, idan ma ta karɓa tana iya kullewa, kuma garantinta ba ya tsallaka iyaka.

Idan mai ɗaukar layi kake so, sai ka duba zangon 4G. Kowane kamfanin sadarwa yana da zangunan da yake amfani da su, kuma ana kiransu da lamba: zango na 1 megahaz 2100 ne, na 3 1800, na 7 2600, na 8 900, na 20 800, na 28 700, na 40 kuma 2300. Sigar China sau da yawa ba ta da na 20. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, domin ƙananan megahaz su ne ke tafiya nesa su kuma ratsa bango. Na'urar da ta rasa su za ta yi aiki lafiya a tsakiyar birni, ta rasa sabis a cikin ɗaki ko a bayan gari, mai ita ya yi ta zagin kamfanin layi alhali laifin na na'urar hannunsa ne. Tambayi kamfanin layinka zangunansa, ka gwada da takardar bayanin wannan lambar samfurin takamaimai. Sannan ka sani iPad ɗin da ba ta ɗaukar layi ba ta da GPS, haka ma tabulet ɗin Android masu araha da dama.

Mai kallon bidiyo ya sauke manhajar DRM Info ya duba matakin Widevine, tsarin Google na kare bidiyo daga kwafa. L1 na ba da damar kallon Netflix da ire-irensa da cikakken ingancin hoto. L3 na tsayar da hoton a ƙaramin mataki komai kyan sikirin, kuma na'urar da aka buɗe makullinta takan faɗo daga L1 zuwa L3.

Kwanan watan sabuntawa

A saitin, cikin bayanin na'ura, akwai ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Sabuwar tabulet a kwali da ranarta ta haura shekara, kuma ka haɗa ta da intanet ba ta sauko da komai ba, an riga an yi watsi da ita. Manyan kamfanoni yanzu suna gasa a wannan fanni, Samsung ya fara alƙawarin shekara bakwai ga manyan na'urorinsa a 2024. Amma alƙawarin na babbar na'ura ba ya sauka kan ƙaramar, kuma ana ƙirga shi daga ranar da samfurin ya fito, ba ranar da ka saya ba. Samfurin da ya fito shekara biyu da suka wuce da alƙawarin shekara uku, saura masa ɗaya.

Lambobin jikin kwali

Sai yanzu a zo kan kayan ciki. Idan ka ga RAM an rubuta 4+4 ko 6+6, lambar farko ce ta gaske, ta biyun aro ce daga ma'adana, kuma ba ta kama ƙafar RAM a sauri ba. Gigabayit 4 na gaske shi ne mafi ƙarancin da ya dace da cikakkiyar Android. Mai 2 ko 3 galibi Android Go take ɗauke da ita, sigar da Google ya fito da ita a 2017 domin ƙananan na'urori, wadda aka rage wa wasu abubuwa. Ta isa karatu da kallo, ba ta dace da buɗe manhajoji da yawa lokaci guda ba. Wasu marasa suna suna gyara shafin saitin ya faɗi ƙarya, don haka a tabbatar da manhaja irin CPU-Z ko AIDA64, a kuma duba ko manhajar mai bit 64 ce. Akan ɗora mai bit 32 a kan furosesa mai 64 don a tsimi RAM, sababbin manhajoji kuwa suna ta barin 32. Ma'adana ma akan yi mata ƙarya, maganinta a kwafa manyan fayiloli har ta kusa cika, a buɗe na farko da na ƙarshe.

Ma'adanar eMMC ba ta karatu da rubutu lokaci ɗaya, ma'adanar UFS kuwa tana yi, shi ya sa tabulet mai eMMC ke daskarewa yayin da take sauke sabuntawa. A sikirin mai inci 10.1, 1280 sau 800 yana ba da ɗigo kusan 149 a kowane inci, 1920 sau 1200 kuma 224. Ga mai karanta ƙananan haruffa awa biyu a rana, idonsa zai gaya masa bambancin. Batir mai 7000 mAh a kan bolt 3.8 kusan wat-awa 27 ne. Da cajar wat 10, idan aka haɗa da wutar da ke zubewa a zafi da jinkirin da caji ke yi a ƙarshe, zai haura awa uku. Ramin caji ya zama USB-C, domin tun ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta wajabta shi, tsohon ramin kuma alama ce ta tsohon kaya da aka sake wa kwali.

Mai sayen ta hannu ya sa mai ita ya cire asusunsa a gabansa, a goge na'urar, a kunna, a wuce shafin farko da intanet a haɗe. iPad mai kulle da asusun Apple na wani, ko Android da ke neman tsohon asusun Google, ba ta da amfani sai a kayan gyara. Idan shafin farko ya nuna wata makaranta ko kamfani ke kula da na'urar daga nesa, goge ta sau goma ba zai cire wannan ba.

Wanda zai saya da yawa domin makaranta ko ma'aikata kada ya biya kuɗin na'ura ɗari bisa ganin hoto. Ya karɓi biyu ko uku, a yi aiki da su mako biyu da ainihin manhajoji da layin da za a yi amfani da su, a gwada haɗa na'urori talatin a kan Wi-Fi ɗaya, domin masu zangon gigahaz 2.4 kaɗai suna shaƙe juna a aji. A tabbatar tana karɓar tsarin kulawa daga nesa irin Android Enterprise ko Knox ko Apple School Manager. A rubuta a yarjejeniya lambar samfuri, sunan furosesa, RAM na gaske da lambar ginin manhaja, saboda ƙananan masana'antu sukan canza cif ko sikirin tsakanin oda da oda ba tare da sun canza suna ba. Sannan a nemi a haɗo da sikirin da batir da ramin caji na canji a cikin odar, su ne ke fara mutuwa, kuma na samfurin da ba shi da suna ba a samunsu bayan shekara guda.