Yadda Ake Bi Da Tayin Tallafin Karatu Na Wasanni Daga Amurka

Matashin da yake buga ƙwallon ƙafa ko ƙwallon kwando a Katsina, har bidiyon wasansa ya kai ga wani koci a jami'ar Amurka, ya kamata ya san cewa tayin tallafin karatu iri biyu ne, kuma wa'adinsu ba ɗaya ba ne.

Tayin baka, wanda koci yake yi ta waya ko ta saƙo, ba shi da wa'adin da doka ta ƙayyade, kuma bai ɗaure kowa ba. Yana iya kai watanni, yana kuma iya gushewa cikin mako guda, domin sau da yawa koci yakan yi wa 'yan wasa da dama tayin gurbi ɗaya, wanda ya riga amsawa shi ne da rabo. Idan kocin ya bar aiki, ko ɗan wasan ya ji rauni, maganar tana iya shiririta. Saboda haka, a tambayi kocin cikin ladabi ranar da yake bukatar amsa, da ko tallafin ya haɗa da masauki da abinci, sannan a roƙe shi ya rubuto hakan ta imel. Kunyar tambaya, wadda a gida alama ce ta tarbiyya, a nan hasara take jawowa.

Rubutaccen tayi shi ne abin dogaro. Kafin Oktoba 2024, wanda aka aika wa takardar alkawari ta ƙasa (National Letter of Intent, wadda ɗan wasa yake ɗaukar alkawarin zuwa wata jami'a da ita) yana da kwana 7 ya sa hannu. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda ta kasa jami'o'inta rukuni uku, ta soke wannan takarda a rukuni na ɗaya, yanzu yarjejeniyar tallafi ake sa wa hannu tsakanin ɗalibi da jami'a, kuma a yawancin wasanni ana fara hakan a Nuwamba. A nemi ranar ƙarshe a jikin takardar, a kuma karanta ta tare da mahaifi, musamman wurin da ya bayyana ko tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa.

Tun kafin tayi ya zo, a yi rajista da cibiyar tantance cancanta ta NCAA, a tanadi sakamakon WAEC ko NECO da fasfo, domin tattara takardu yana cin lokacin da koci ba lallai ya jira ba. Duk dillalin da ya yi alkawarin tallafin wasanni a jami'ar rukuni na uku a guje shi, domin wannan rukuni ba ya bayar da irinsa.